Baba da Kawa Mai Huda

Daga Allah muka zo, wurinSa kuma za mu koma. Baba ya rasu da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kafin magariba kuma tabarmin ƙofar gidanmu sun kasa ɗaukar mutane. An zo daga Bodinga, da Mandera, da Horo Birni, har da Fulanin da ke zaune wajen Kajiji, waɗanda suka bar shanu a hannun na gida suka taho da ƙafa. Ni ina ciki wajen Inna, amma dangar kara ba ta hana jin magana.

Wani tsoho ya ce rijiyar garinsu Baba ne ya gina ta tun yana saurayi, har yau ba ta taɓa ruftawa ba. Wata gwaggo ta shigo ta kama hannun Inna tana kuka, ta ce, "Ina haƙuri? Allah shi jiƙanai. Ranas Salla akuyata tah hwaɗa rijiya, da sabuwar rigatai yash shiga yah hiddo mani ita." Inna ta ce ta tuna, don ita ta wanke rigar.

Bayan an gama addu'a murya ta ɗan sauka, sai na ji wani a waje ya ce, "Allah sarki, mutumin da yat tahi hal Ikko don ɓawon kawa." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ba dariyar mugunta ba ce, na sani. Amma ta ƙona mini rai, kuma ni ba mai haƙuri ba ce, a wurin Baba na gado. Yaran da suka taso yanzu abin da suka sani ke nan game da Baba: wani tsoho mai taurin kai da ya hau motar albasa ya je kallon teku. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ina wurin aka yi abin, kuma ba wasa ya kai shi ba.

Baba maginin rijiya ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar bayan ƙwarya. Ba ya son labarin da ba shi da mai shi. Ka ce masa an ce za a yi ruwa da wuri bana, ko an ce aljani ya tare a tsamiyar bakin hanya, amsarsa ɗaya ce: "Wa yag gani?" In ka ce wane ne, sai ya tashi ya je wurin wane. Mutane da yawa sun daina kawo masa tsegumi saboda wahalar da ke biyo baya.

Aljihunsa kullum cike yake da duwatsu. Duk ƙasar da ya ratsa a cikin rami sai ya ɗebo kaɗan, ya shinshina, ya ɗanɗana a harshe, ya adana. Inna ta gaji da ɗinkin aljihu, har ta ce masa da ma jaki aka aura mata, shi aƙalla mangala ake sa masa. Ya ce, "Jaki bai san abin da yad ɗauko ba." Ta ce shi ma ba ta ga alama ba. Haka suke, kuma ban taɓa ganin ya fara cin tuwo bai tambaya ko ta ci ba.

Yana da dokoki a bakin aiki waɗanda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kansu. Ba a shiga rami sai an zura fitila an ga ba ta mutu ba. Ba a barin bakin rijiya babu kwamin da dabbobi za su sha, ko da mai rijiyar ba ya shiri da makiyaya. Mai miki ko ƙurji kuma ba ya taɓa ruwan da mutane za su sha, ko da ɗan sarki ne.

Abin ya faru ne a ƙarshen mulkin farar hula na biyu. A farkonsa mun sha alkawari har mun ƙoshi. Kowa na cewa famfo na nan tafe, har wani ɗan kwangila ya zube bututu a bakin gari ya tafi, awaki suka mai da su wurin shan inuwa. Daga baya sabulu ya yi wuya, shinkafa ta koma sai labari, damina kuma ta riƙa ɗaukewa gero bai gama ido ba. Tsohuwar rijiyar ƙauyenmu ta ƙafe. Gari duka ya koma tafki, mu da shanu.

Da tafki ya zama abin sha, kurkunu ya yi mana sallama. Wanda bai san shi ba ya gode wa Allah. Ƙurji ne ke tasowa a ƙafa da zafi kamar an ɗora garwashi, ya fashe, farar tsutsa siririya ta leƙo. Sai a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, mutum na kwance, kuma da damina yake zuwa, lokacin da gona ke neman kowa. A lokacin ba mu san daga inda yake fitowa ba. Wasu su ce raɓa, wasu su ce jini, wasu su ce taka sawu. Gidan Baffa, ƙanen Baba, shi ya fi shan wuya: rabin gidan sun kwanta, gonarsa ta zama ciyawa, ya wuni yana kallonta daga bakin zaure.

Da rani Baba ya fara sabuwar rijiya a gabas da gari. Ni kuma na zo gida daga Bodinga goyon ciki, haihuwata ta fari. Ya ce jikansa ba zai yi wanka da ruwan da saniya ta tsaya a ciki ba. Ya ratsa jar ƙasa, ya ratsa tsakuwa, ya kai ga farin dutse, a cikin farin dutsen kuma ruwa ya tsattsafo, mai sanyi, garai-garai. Na haihu ana cikin murna. Da ruwan nan Inna ta fara dafa mini na wankan jego.

A cikin farin dutsen akwai ɓawon kawa da yawa, halittar nan ta ruwa mai ɓawo biyu, ya daskare ya zama dutse shi ma. Wannan ba sabon abu ba ne ga magina rijiya a ƙasarmu. Sai dai na wannan ramin duk a huhhuje suke, ƙananan huda zagayayyu birjik kamar rariya. An zube su a tarin ƙasar bakin rijiya. Baffa ya zo wucewa ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya ga faɗin hudar daidai kaurin abin da ya yi watanni yana naɗewa daga ƙafar 'ya'yansa. Kafin azahar gari ya ɗauka: Baba ya tono gidan kurkunu.

Ban manta rigimar da aka yi a zaure ba, don ina bayan ƙofa da jariri a kafaɗa.

"Yaya, rijiyag ga cike ta za a yi," in ji Baffa. "Ga ramunansu nan, kowa ya gani."

"Ramu kag gani. Ka ga tsutsa ciki?"

"Sai ta hito ƙahwad ɗiyan mutane kana ka yarda? Gidanmu za a ce ya jawo ma gari ciwo. Ni na ɗanɗana, kai ba ka ɗanɗana ba."

Baba ya ɗauko dagi ya fasa ɓawon a gabansa. Cikinsa ba rami ɗaya ba ne. Ɗakuna ne ƙanana jere da juna, kowanne da 'yar ƙofa zuwa na kusa da shi. Ya ce, "Duba. Tsutsa hanya guda taka yi ta wuce. Wanga abu zama yay yi, hab da ɗakuna."

"To mi na?"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba, kuma kana ba mai jego ruwan."

Wannan maganar ta soki Baba, na ga fuskarsa. Da Baffa ya miƙe, sai Baba ya ce a ba shi zuwa faɗuwar ruwa. In bai kawo sunan abin da ya yi hudar da inda yake zaune ba, a cike. Dattawa suka yarda, amma suka hana kowa ɗiba, don tsoron da ake yi shi ne tsutsar ta bi ƙarƙashin ƙasa ta cika gari. Gidanmu kaɗai ya ci gaba da sha. Ni ma Inna ta tambaye ni a ɓoye ko a koma ɗebo mini na tafki. Na ce wanda ya ɗanɗana ƙasar duniya duka da harshensa bai mutu ba, ba zai kashe ni da ruwa ba. Ina faɗa ina jin tsoro.

Baba ya fara da na kusa. Ya je wurin masunta a bakin gulbi, suka ba shi kawar da suke samu, ya farfasa, babu irin hudar. Ya tona gidan gara ya kwatanta, bai yi daidai ba. Ya jiƙa ɓawon a kasko ya rufe da faifai yana leƙawa safe da yamma ko wani abu zai fito, babu abin da ya fito sai ƙorafin Inna a kan kaskonta.

Maigidana malamin firamare ne a Bodinga. Shi ya ce akwai masu karatun duwatsu a jami'a a Sakkwato, ya kuma raka Baba. Malamin da suka samu mutumin gabas ne, mai ladabi. Ya ba Baba kujera, Baba ya zauna a ƙasa, sai shi ma ya sauko. Maigidana ya ce ya daɗe yana duba ɓawon da madubin ƙara girma kafin ya yi magana.

"Baba, ƙasar nan taku duka ta taɓa zama ƙarƙashin teku, tun kafin a yi mutum a bayan ƙasa. Teku ne marar zurfi, mai ɗumi. Farin dutsen da kake ratsawa shi ne gindinsa. Abin da ya huda wannan kawar kuwa wata halitta ce da ake kira soson teku. Ba tsutsa ba ce. Ba ta da baki, ba ta tafiya. Tana narka ɓawon ne kaɗan-kaɗan ta yi ɗakuna ta zauna, ta riƙa zuƙar ruwa ta waɗansu hudojin tana fitarwa ta waɗansu. Wadda ta yi wannan ta mutu tun lokacin da Allah kaɗai Ya san tsawonsa."

"Allah shi gahwarta Malam, iri nawa na?"

"Da yawa."

"Wanga wane na cikinsu?"

"Daga huda kaɗai ba zan iya ce maka ba. Huda dangin take nunawa. Sai an ga jikin, an ga launinsa, an duba waɗansu ƙananan allurai da ke cikin naman."

"Kai ka gan shi da rai?"

"A hoto na gan shi, da kuma cikin kwalba."

Baba ya tambaya ko danginsa na nan har yanzu. Malamin ya ce suna nan, a ruwan gishiri mai ɗumi, jikin kawa da duwatsun bakin teku, kuma ba sa rayuwa a ruwan daɗi. Da suka fito, Baba ya ce wa maigidana malamin nan ya burge shi, don ya san inda saninsa ya tsaya. Maigidana ya yi murna, yana zaton magana ta ƙare. Baba ya ce, "In na koma nic ce an ce, mi ab bambancina da su?" Ya koma ciki ya roƙi malamin kwalbar da za a sa naman abin kada ya ruɓe. Malamin ya ba shi, da ruwan magani a ciki.

Lokacin kwasar albasa ne, manyan motoci na lodi zuwa kudu. Mutumin da bai taɓa wuce Jega ba ya ɗaure buta da ɓawon kawarsa a gyauto ya hau saman buhuna. Inna ba ta hana shi ba, ta san ɓata baki ne. Ta dai yi masa dakuwa, ta ce in teku ya cinye shi kada ya ce ba ta faɗa ba.

Kawu, ƙanen Inna, yana sayar da albasa a Ikko, shi ya sauke shi. Labarin da zan bayar daga bakin su biyu na haɗa shi, kuma inda suka saɓa na ɗauki na Kawu, don Baba yakan tsallake wuraren da ya ji tsoro.

Sun fara zuwa wani ruwa kwantacce a bayan gari, inda itatuwa ke tsaye cikin ruwa kawa na manne a saiwoyinsu. Baba ya wuni yana fasa kawa. Ya samu mai ramin tsutsa, rami ɗaya lanƙwasasshe cike da baƙar laka, ya ce wa Kawu ga aikin tsutsa nan, a shaida. Amma mai ɗakuna babu. Wata tsohuwa mai tsintar kawa ta gaji da kallonsu ta karɓi ɓawon da Baba ya taho da shi ta duba. Kawu ya yi tafinta da guntun Yarbancinsa na kasuwa. Ta ce ta san abin, yana ɓata musu kawa, ɓawon ya yi ta marmashewa a hannu. Amma ba a nan yake ba, ruwan nan ya gauraya da na kogi, gishirinsa bai kai ba. Sai can bakin teku sosai, wajen manyan duwatsu, kuma sai ruwa ya janye.

Ɗanta ya ɗauke su a kwalekwale. Kawu ya ce Baba, wanda ke shiga rami gaba ashirin yana waƙa, ya rungume katakon jirgin ya rufe ido yana salati har suka isa. Shi Baba cewa ya yi iska ce ta sa masa ƙura a ido.

A jikin duwatsun suka ɓamɓaro kawa. Ga huda nan birjik, kuma a bakin kowace huda wani ɗan tsiro rawaya ya leƙo, launin gwaiduwar ƙwai. Baba ya taɓa da tsinke, abin ya tsuke a hankali ya koma ciki. Ya fasa ɗaya. Naman rawaya ya cika ɗakuna, ɗaki na bin ɗaki. Ya ciro dutsen rijiyarsa ya ajiye kusa da shi. Kawu ya ce Baba ya daɗe a tsugune ruwa na dukan ƙafarsa, sannan ya ce, "Ashe kai na. Sannu da aiki."

Bai tsaya nan ba. Ya sa kawa ɗaya a kwano da ruwan teku, ɗaya a kwano da ruwan famfo. Washegari ta ruwan famfon ta yi fari ta fara ɗoyi, ɗayar kuwa tsironta na nan a buɗe. Sai da ya ga wannan ya sa guntun nama a kwalbar malamin, ya cika wata kwalbar da ruwan teku, ya nemi motar gida. Daga baya malamin ya duba ya gaya wa maigidana cewa ya ga alluran, masu kai kamar fil, ya kuma gane irin. Ya faɗi sunan, wani dogon suna da ko maigidana sai da ya yi tuntuɓe a kansa. Baba ya saurara sau biyu ya ce shi dai Mai Ɗakuna zai riƙa ce masa.

Ya dawo hadari ya fara haɗuwa, ya rame, muryarsa ta dushe. Bayan sallar Juma'a ya shimfiɗa buzu a ƙofar masallaci, ya jera ɓawon teku da na rijiya, fasassu da waɗanda ba a fasa ba. Ya ba da labarin kwano biyu. Sannan ya miƙa kwalbar ruwan teku ta zaga. Duk wanda ya kurɓa sai ya tofar yana yamutsa fuska.

"Cikin wanga ruwa kaɗai shika rayuwa," in ji Baba. "Na sa shi cikin irin namu, kwana guda bai yi ba. Wanda yaj ji gishiri ga rijiyata shi tashi shi hwaɗi."

Ba wanda ya tashi. Washegari mata suka fara zuwa da tuluna, ɗaya-ɗaya, suna waige. Na yi zaton an gama.

Ruwan farko bai daɗe da sauka ba ƙurji ya taso wa Baba a ƙasan gwiwa. Ya ɓoye shi har ya kasa taka ƙafar. Ranar da ya fashe, Inna ta ga farin kan tsutsar ta zauna daɓas a ƙasa. Ni kuwa na duba ƙafafun ɗana, na duba nawa, na shiga ɗaki na yi kuka mai isata.

Labari bai kwana ba. Baffa ya zo ya tsaya a kansa, ba da faɗa ba wannan karon, idonsa ya yi ja.

"Yaya, kai kah hwara shan ruwan ga, kai kuma yak kama. Mi ar rage?"

"Ban san inda nis samo shi ba," in ji Baba. "Amma na san inda ban samo shi ba."

"Gobe da sahe za mu cike ta. Kak ka hito."

Bayan sallar asuba Baba ya kira ni da Inna. Ya naɗe ƙafar da tsumma, ya rufe da fatar akuya, ya ɗaure tam. Ya ce mu kama shi zuwa bakin rijiya. Mun ɗauka zama zai yi a wurin. Da muka isa sai ya zura fitila, ba ta mutu ba, sannan ya ɗaura igiyar aikinsa a ƙugu, ya nuna mana yadda za mu naɗa ta a gindin gawon da ke gefe mu riƙa saki kaɗan-kaɗan. Inna ta ce ba da ita ba. Ya ce to zai sauka da hannunsa, da ƙafa ɗaya. Ta dube shi, ta san zai yi. Ta tofa yawu a tafinta ta kama igiya. Ni ma na gyara goyona na kama. A can ƙasa akwai wani ɗan dandamali na farin dutse da ya bari sama da ruwa don masu yasa. A kansa ya zauna, ya miƙe ƙafar mai ciwo ya tokare ta da bango don kada ta kusanci ruwan.

Rana ta ɗan ɗaga sai ga maza da kwanduna da fartanya, Baffa a gaba. Ya ga igiya, ya ga fuskar Inna, ya leƙa.

"Yaya, mi kaka yi nan?"

Muryar Baba ta taso daga ƙasa, a hankali. "Ku zuba. Ina jira."

"Hito, don Allah. Kak ka ba mu kunya gaban mutane."

"Ba ni hitowa sai da sharaɗi. A bar ta hal damina mai zuwa. Gidan da ash sha ita kaɗai, in kurkunu ya kama su, ni ka zuba kwandon hwarko."

Maza suka dubi juna. Wani ya ce a jawo shi da ƙarfi, sai Baba ya kwance igiyar daga ƙugunsa, muka ji ta yi sako-sako a hannunmu. Aka tsaya cirko-cirko har rana ta fara zafi. Liman ya zo ya yi magana, Baba bai fito ba. A ƙarshe dattawa suka ce sun yarda da sharaɗin.

"Saura guda," in ji Baba. "Ku zuro guga."

Aka zura. Ya kama igiyarta ya nutsar da ita ta cika, aka jawo.

"Ƙanena shi sha. In ya sha, na san ba a cike ta bayan idona."

Aka miƙa wa Baffa. Mutumin nan ya yi imani har zuciyarsa cewa ciwon da ya kwantar masa da gida ne a cikin gugar. Ya dubi ruwan, ya dubi ramin da wansa ke ciki. Ya yi bisimilla ya kafa kai, ya sha har ruwa na bin gemunsa. Ya ajiye gugar ya ce, "Na sha. Ɗaura igiya."

Shi ya ja da kansa, da maza biyu. A wajen fitowa ƙafar Baba ta gogi bakin rijiya, tsutsar ta tsinke a ciki. Duk wanda ya san kurkunu ya san abin da wannan ke nufi. Ƙafar ta kumbura har cinya, ya yi watanni a kwance, da ya tashi kuma gwiwar ta sandare. Bai ƙara shiga rami ba har ya bar duniya.

A daminar nan an samu waɗanda ciwon ya kama cikin masu shan rijiyar, aka yi ta gunaguni. Baffa ne ya riƙa tare mutane yana cewa an yi alkawari, kuma shi ma ya sha, a jira. Da damina ta zagayo, gidajen da suka riƙe rijiya suka fita gona da ƙafafunsu, masu zuwa tafki suka kwanta. Sai bayan shekaru ma'aikatan lafiya suka zo suka bayyana mana cewa a tafki ake shan ƙwan abin, kuma sai ya shekara a jiki yake fitowa. Na Baba tun ruwan da ya sha kafin ya fara ginin ne. Da aka gaya masa, cewa ya yi da ma ya sani da wuri, da ya je ya duba tafkin shi ma.

Ban taɓa jin Baffa ya ba shi haƙuri ba, ban kuma taɓa jin Baba ya tayar da maganar ba. Amma tun ranar da Baba ya fara dogara sanda, kullum da sassafe Baffa kan ɗauki tulu ya je rijiyar da kansa. Dattijo da furfura, ga 'ya'ya ga jikoki, ya tsaya cikin mata ya ja guga, ya kawo ƙofar ɗakin wansa ya cika masa buta da randa. An yi masa magana ya bar wa yara, ya ƙi. Sukan gaisa, Baba ya yi alwala, Baffa ya ɗauki tulunsa ya tafi.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa, Ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da mu.

Washegarin rasuwar na fito da sassafe zan hura wuta, sai na ga Baffa tsaye a ƙofar ɗakin da tulu a kafaɗa. An riga an rufe ɗakin, an ɗauke butar. Ya daɗe a tsaye, ruwa na ɗiga a bayan rigarsa. Da ya gan ni sai ya ce, "Ɗiyata, ina za ni aje shi?"